Idan annoba ta zo a damina, yaya za a bambanta ta da maleriya?

Malam Bello, Wamakko: Salamu alaikum. A watan Agusta kusan kowane yaro da masassara yake zuwa asibiti. In sabuwar annoba ta shigo Sakkwato lokacin, ta yaya za a gane?

Hajiya Asabe: Wa alaikumus salam, Malam. Kowace masassara a fara da gwajin maleriya na jinin yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. Amma a kula, gwajin kan ci gaba da nuna maleriya makonni bayan an warke, kuma mutum na iya ɗauke da cuta biyu. Wanda ya shanye maganin maleriya na ACT na kwana 3 zazzaɓin bai sauka ba, ko mutum uku a gida ɗaya suka kwanta tare, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Dakta Umar: Ƙari a kan na Hajiya, kada a dakatar da rabon maganin rigakafin maleriya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Lokacin Ebola a Gini a 2014 mutane sun ƙaurace wa asibiti, maleriya ta yi ɓarna a gidaje. A tanadi kayan gwaji da allurar artesunate ta maleriya mai tsanani tun Yuni.