Tambaya kan ƙaramin karen kiwo na tsaunukan Firenis

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu kwikwiyon karen kiwo na tsaunukan Firenis a kudancin Faransa, amma ba ya zama wuri ɗaya, har yarana yake zagayewa yana tattarawa kamar tumaki. Yaya zan kula da shi?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Halinsa ke nan, Malam, domin aikinsa na asali kora garke ne, yayin da babban farin karen yankin ke gadi. Ka riƙa fitar da shi gudu kullum, kana koya masa umarni, domin zaman banza na sa shi yawan haushi.

Amsa ta biyu: Ka taje gashinsa duk mako, musamman bayan kunnuwa inda yake cuɗewa, sannan ka saba masa da baƙi tun yanzu, don yana ɗari-ɗari da su.