Ƙayyade kashe kuɗin gwamnatin jiha da asusun ko-ta-kwana

Mai_Bincike: Jama'a, idan jiha ta kawo ƙudurin ƙayyade kashe kuɗi haɗe da asusun ko-ta-kwana, me za a fara dubawa?

Akanta: Malam, fara da shekarar da ake ɗora lissafi a kanta. Dokar TABOR (dokar haƙƙin masu biyan haraji) ta jihar Kolorado a Amurka, ta 1992, ta sa rufi ga kuɗin da jiha za ta iya kashewa: ana ɗora lissafi a kan na shekarar da ta gabata, ƙarin kuma ba zai wuce hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a ba. Da kuɗin shiga ya faɗi bayan 2001, rufin ya sauko tare da shi, bai koma ba, sai da masu zaɓe suka dakatar da shi shekara 5 a 2005.

Uwar_Gida: Sai sharaɗin cire kuɗi daga asusun. Ajiyar ko-ta-kwana ta Kolorado, kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da take kashewa a shekara, ba a taɓa ta don giɓin kuɗin shiga, alhali nan ne buƙatar take.

Akanta: Haka ne, Hajiya. Jihar Kalifoniya a 2014 ta tilasta ware kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin shiga duk shekara, ta kuma sa iyakar asusun a kashi 10.