Sunana ya sa surukaina suna ɗauka ni jikan Shagari ne, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni haifaffen Kano ne, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga garin Shagari ya taso, can jihar Sakkwato. Da aka sa shi firamare sai malamin ya rubuta masa sunan garin a ƙarshe, mu ma muka gada a takardunmu. Kakana manomi ne, yana ɗan taɓa ƙira da rani. Ba mu haɗa jini da gidan tsohon shugaban ƙasa marigayi Shehu Shagari ba, gari kawai muka haɗa.

Watanni biyu da suka wuce na je gaida iyayen yarinyar da nake nema. Ina durƙushe a bakin tabarma, baffanta ya tambayi cikakken sunana. Ina faɗa sai ya gyara zama, ya cire gilashinsa, ya ce ashe ɗan gidan Turaki ne (sarautar marigayin ke nan, Turakin Sakkwato), ya sa aka ɗauko mini kujera. Wallahi na buɗe baki zan gyara, sai ya shiga ba da labarin yadda ya yi wa NPN, jam'iyyar Shagari, kamfe a 1979, har da waƙa. Kunya ta hana ni katse shi. Abin dariyar ma, a Shagari Quarters nake haya, to kun ji inda zance ya ƙara ɗaurewa, wai har unguwa gare mu.

Yanzu yarinyar ta ce gwaggonninta sun fara lissafin akwatin lefe irin na manyan gida. Ita ta san gaskiya tun farko. Ni kuwa malamin makaranta ne mai jiran ƙarshen wata. In je in warware da bakina, ko in bari su gano wajen bincike?

Maman Amira:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari su gano da kansu. Ranar da suka tura mutum Shagari ya dawo, ba za a ce baffa ne ya yi kuskure ba, cewa za a yi kai ka yaudare su. Tura baffanka ko wani dattijo cikin makon nan.

Abu Hanifa:
Ai ba ƙarya ka yi ba. Sunanka ka faɗa. Shi ya ɗora wa kansa.

Maman Amira:
Abu Hanifa, ya zauna a kujerar ko bai zauna ba?

Malam Na Gidan Kanawa:
Ni mutumin Sakkwato ne, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce dattijon da ya yi siyasar jamhuriya ta biyu bai san Shagari sunan gari ba ne. Garin na nan kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal, ƙaramar hukuma ce guda. Shi marigayin sunansa Shehu Usman Aliyu, an haife shi 1925, ya yi mulki daga 1979 har sojoji suka kifar da shi ranar ƙarshe ta 1983, ya rasu a Disambar 2018 aka kai shi garin aka rufe. Duk wanda ya fito nan yana da haƙƙin sa sunan a takarda. Dubi gwamnoninmu ma: Bafarawa, Wamakko, Tambuwal, duk garuruwa ne. Ku a Kano ba ga Kwankwaso da Ganduje da marigayi Abubakar Rimi ba? Wa ya taɓa cewa duk ɗan ƙauyen Kwankwaso ɗan gidan Sanata ne? Unguwar da kake haya kuma, ai daga shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatinsa sunan ya samo asali, shi ya sa za ka tarar da gidajen Shagari a jihohi da dama. Iyalinsa ba su da ko bulo ɗaya na gado a ciki.

Hajiyar Fagge:
Malam ya faɗi gaskiya, amma in yi wa baffan adalci kaɗan. Mu Kanawa akwai sunan da in ka ji shi, to gida ne ba gari ba. Ɗantata dai babu wani gari mai wannan suna. Alhassan, ɗan Bebeji, wata mata mai suna Tata ce ta raine shi, shi ne aka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya koma sayen gyaɗa, ya rasu 1955, kuma duk mai ɗauke da sunan nan yau daga zuriyarsa yake, har mahaifiyar Aliko Ɗangote jikarsa ce. Haka Bayero: sunan Sarki Abdullahi Bayero ne, shi aka sa wa jami'ar, 'ya'yansa da jikoki suka ɗauka. Mutumin da ya tashi cikin irin waɗannan sunaye in ya ji Shagari, kunnensa gida zai jiyo masa. Don haka in za a je, kada a je da sigar koya masa tarihi. Tsoho ba ya son a nuna ya yi kuskure gaban 'ya'yansa.

Ɗan Bauchi:
Ni ma da Tafawa Ɓalewa a takarduna. Lokacin bautar ƙasa a Legas wani ya ce in kai shi ya ga dandalin kakana. Na ce masa hoton kakan nawa ma yana jikin naira biyar, amma ko ita ba ni da ita a aljihu. Ɗan'uwa, mayar da abin raha, yana saurin wucewa.

Maman Amira:
Raha tsakanin abokai ce, ba gaban suruki ba.

Baban Sadiq:
Ga yadda zan yi da ni ne. Kada ka je da kanka, kuma kada a yi a gaban jama'a. Wakilinka ya samu baffan shi kaɗai bayan la'asar, ya ce masa an zo ne a gabatar da asalin yaro kamar yadda aka saba kafin sa rana. Sai ya jero: sunan uba, sunan kaka, unguwarsu a Shagari, sana'ar gidan, da wanda za a tambaya in an je. A ciki sai ya sako cewa gari ɗaya kuke da Turaki amma ba gida ɗaya ba, ya wuce kamar ba komai. Baffan zai gane, kuma ba wanda ya ga an gyara masa zance. Maganar lefe kuma ka bar wa yarinyar da mahaifiyarta, tunda ita uwar ce za ta iya taka wa gwaggonni burki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira baffana na karanta masa shawarar Baban Sadiq. Ya yi dariya har da tari, ya ce zai shigo motar Sakkwato ranar Alhamis. Wai zai taho da lauje guda cikin waɗanda kakanmu ya ƙera, ya ba baffan nata tsaraba. Na roƙe shi ya bar laujen a gida, bai amsa ba tukuna.