Wane Suna Za Mu Raɗa wa Ikon da Sassan Gwamnati Ke da Shi a Kan Juna?

Assalamu alaikum, malamai da abokan aikin fassara. Akwai wani ginshiƙi na mulkin jamhuriya wanda har yanzu ba mu tsayar masa da suna guda ba, wato abin da Turawa ke kira "checks and balances". Kowa da yadda yake juya shi: wannan ya ce sa ido, wancan ya ce daidaita iko, wani kuma ya cusa shi cikin rabon iko ya wuce abinsa. Ina da shawarar da zan kawo, amma sai mun fara raba shi da rabon iko, domin nan ne kuskuren ya fi yawa.

Rabon iko ya riga ya zauna a bakinmu, kuma ya dace da ma'anarsa: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta yi hukunci. Masanin nan na Faransa, Montesquieu, shi ya fi shahara da wannan ra'ayi tun 1748. To amma waɗanda suka tsara kundin mulkin Amurka a 1787 ba su yarda cewa shata iyaka a takarda kaɗai zai hana mai ƙarfi tsallakawa ba. James Madison, ɗaya daga cikinsu, ya yi bayani a 1788 cewa dole ne a ba kowane ɓangare makamin da zai kare kansa da shi, ta yadda burin wani zai tare burin wani. Saboda haka da gangan suka bar wa kowane ɓangare hannu a cikin aikin ɗan'uwansa, kuma wannan hannun ne muke neman sunansa.

Mu dubi yadda abin yake tafiya a can. Idan majalisun biyu suka zartar da ƙuduri, shugaban ƙasa yana da kwana 10, ban da ranakun Lahadi, ya sa hannu ko ya mayar da shi tare da dalilansa na hawa kujerar na-ƙi. Idan ya mayar, maganar ba ta mutu ba, domin kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ya isa ya mai da ƙudurin doka ko yana so ko ba ya so, kamar yadda aka yi wa Shugaba Richard Nixon a 1973 a kan dokar da ta taƙaita ikon shugaba na tura sojoji yaƙi. Dokar da ta tsallake wannan mataki ma ba ta tsira ba, tun da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa kanta ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin mulki a shari'ar Marbury da Madison ta 1803. Su kuma alƙalan, shugaban ƙasa ne yake zaɓo su, majalisar dattawa ce take amincewa, kuma majalisa tana iya tsige su. Duk wanda ya tsayar da wani, akwai mai iya tsayar da shi.

Da wannan ma'auni, "sa ido" ya yi rauni ƙwarai. Ɗan jarida ma yana sa ido, amma ba ya iya soke doka, kuma mun riga mun ba kalmar aikin kwamitocin majalisa masu bin diddigin ma'aikatu. "Daidaita iko" yana nuna sakamakon da ake fata, ya bar hanyar da ake bi, sannan yana sa mai sauraro ya zaci akwai wani na huɗu da yake tsaye a gefe yana daidaitawa. "Takun saƙa" kuwa sunan rikici ne, ba sunan tsari ba.

Wata malama a cikinmu ta ba da shawarar a ce "riƙon linzami". Malama, shawararki ita ce ta fi jan hankalina, kuma na daɗe ina juya ta, domin Hausa ce tsantsa mai daɗin faɗi. Abin da ya hana ni bin ki shi ne linzami yana da mahayi da abin hawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, alhali a nan babu wanda yake kan wani. Ranar da ɗan majalisa ya ji an ce shugaban ƙasa yana riƙe da linzaminsa, ba tsarin mulki zai fahimta ba, cin fuska zai ji. "Kwaɓar juna" da wani malami ya kawo ta kauce wa wannan matsala, sai dai a rubuce tana iya karkata zuwa ga kwaɓewar al'amura, kuma kwaɓa sau da yawa a baki take tsayawa.

Abin da nake ganin ya dace shi ne "birkin juna". Mun saba cewa kotu ta taka wa gwamnati birki, don haka ba sai an koya wa kowa ma'anarsa ba. Abin da muka ƙara kawai shi ne "juna", wanda ya ɗauki nauyin cewa kowa yana takawa kuma ana taka masa. Yana shiga jimla ba tare da wahala ba: "kundin ya tanadi birkin juna tsakanin sassa uku", ko "soke zaɓen shugaban ƙasa da Kotun Ƙolin Kenya ta yi a 2017 ya nuna birkin juna yana aiki". Na san za a ce birki kalmar aro ce. Haka ne, amma jamhuriya da siyasa da majalisa duk daga Larabci muka ɗauko su, kuma babu wanda yake jin su baƙi a yau.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne cewa sunan ya fi dacewa da tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko. A ganina tsarin firaminista ne ma ya fi nuna buƙatarsa. A Jamus gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, saboda haka rabon iko tsakaninsu bai kai na Amurka kaifi ba, amma birkin juna yana nan daram. Majalisar tana iya kayar da shugaban gwamnati, da sharaɗin ta zaɓi magajinsa a cikin wannan ƙuri'ar, kamar yadda Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt a 1982. Kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe tana soke dokoki, kuma akwai dokokin da ba sa wucewa sai majalisar wakilan jihohi ta amince. Mai fassarar da yake da "rabon iko" kaɗai a hannunsa ba zai iya bayyana wannan ba tare da ya ruɗa mai karatu ba.

Don haka shawarata ita ce mu bar "rabon iko" ga batun wa ke da wane aiki, mu bar "sa ido" ga kwamitoci da 'yan jarida, mu riƙa cewa "birkin juna" duk inda wani ɓangare yake da ikon da doka ta ba shi na dakatar da wani. Wanda yake da jimlar da sunan ya gaza ɗauka, ya kawo ta mu gwada.