Neman shawara: ƙanwata za ta zana JAMB, ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta shawarwarin da ake ba mutane a nan, yau dai ni abin ya zo wa.

Ni tela ne a Gusau, amma gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Ƙauran Namoda. Ina da ƙanwa, ita ce autarmu, tana ajin ƙarshe na sakandare. A duk gidanmu ita Allah ya ba kan karatu. Burinta aikin jinya, kuma dalilinta mai ƙarfi ne, domin a gabanta yayarmu ta rasu wurin haihuwa a kan hanyar asibiti. Tun ranar ba ta sake zancen wani aiki ba.

Damuwata ita ce JAMB, jarabawar shiga manyan makarantu. Kowa ya san da kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ko linzamin kwamfuta ba ta taɓa riƙewa ba. A makarantarsu akwai ɗaki da aka rubuta ɗakin kwamfuta a ƙofarsa, ta ce shekara uku ke nan da kwaɗo take ganinsa, babu wuta babu malami. A allo ake zana masu kibod da alli su kwafa a littafi. Da na je gida da sallah ta nuna mani zanen, ta yi shi tsaf, kowane harafi a cikin akwatinsa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na tara naira dubu 95 daga ɗinkin sallah da niyyar saya mata babbar waya. Da na kai wa Baba maganar sai ya ce atafau. Hujjarsa biyu ce. Ta farko TikTok, ya ce ya ga abin da ya mayar da 'ya'yan wasu. Ta biyu kuma tsaro: a wajenmu idan aka ga mutum yana yawan hawa tudu neman sabis, sai a fara yi masa kallon mai kai rahoto, kuma ba ka san ɓangaren da zai fara zarginka ba. Sabis ɗin ma a wuri ɗaya yake kamawa, bayan gari kusa da wata tsamiya.

To 'yan uwa, in saya mata a ɓoye? In ci gaba da roƙon Baba? Ko akwai wata hanyar da ban gani ba? Lokacin rajista yana matsowa.

Malamin Lissafi, Gusau:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Amma ina ganin ka haɗa matsala biyu wuri ɗaya. Abin da ƙanwarka ke buƙata kafin jarabawa shi ne hannunta ya saba da kwamfuta, kuma waya ba ta koyar da wannan. Ina da ɗalibai da suke kwana a kan waya, amma ran da suka zauna gaban kwamfuta sai hannu ya ɗauki rawa.

Bari in kwantar maka da hankali. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma ta tsara abin yadda ko wanda bai iya linzami ba zai iya amsawa. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Za ta danna A, B, C ko D ta zaɓi amsa, N ta wuce gaba, P ta koma baya, S ta miƙa aikinta. Ba rubutu ake yi ba. Yarinyar da ta zana kibod da hannunta ta riga ta san inda haruffan nan suke. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne firgici da agogon da ke tafiya a saman allo. Sai ka ga yaro ya ɓata minti ashirin yana tsoron taɓa wani abu kada ya lalata.

Sati uku zuwa huɗu, awa ɗaya kullum a shagon kwamfuta mai manhajar gwaji, sun ishe ta. Irin manhajar nan ba ta buƙatar intanet. Sannan idan kun zo rajista ku biya mata kuɗin jarabawar gwajin da JAMB ke yi kafin ta gaske, ta shiga ɗakin, a duba yatsanta, ta ji yadda abin yake.

Abu ɗaya kuma kada ka yi wasa da shi: layin waya. Tana buƙatar lambar NIN, kuma daga layin da za a tura NIN ɗin zuwa 55019 ko 66019 lambar rajistarta za ta fito. Kada a yi amfani da layin mai shago ko wanda wani ya taɓa yin JAMB da shi. Layin nan shi za ta riƙe har ta samu gurbi, da shi ake duba sakamako. Ƙaramar waya mai madanni ta wadatar da wannan, kuma ban ga dalilin da Baba zai ƙi ta ba.

Maman 'Yan Biyu, Talatar Mafara:
Ɗana, maganar ɓoye ka cire ta daga ranka tun yanzu. Waya ba ta ɓoyuwa a gida, ko caji ya ishe ta tona kanta. Ran da Baba ya gano, ba wayar kaɗai zai karɓe ba, karatun gaba ɗaya zai iya cewa a bari, kuma ita za ta kwana a ciki, kai kana Gusau. Ni uwa ce, 'yata ta biyu na ba ta waya a aji huɗu don karatu, cikin wata uku na ga barcinta ya canza, sakamakonta ya sauka. Sai da na karɓe muka yi wata muna rigima. Kada ka raina tsoron tsohon nan, abin da ya gani ne yake faɗa.

Mai Gyaran Waya, Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya da girmanki, amma ni ban yarda a hana yarinya waya saboda laifin wasu ba. Wuƙa ma tana yanka, ba a daina ajiye ta a madafa ba. Akwai Family Link na Google, daga wayarka za ka toshe TikTok, ka sa lokacin da wayar za ta kulle kanta da dare. Kuma ba sai ta je gindin tsamiya ba. Ka kawo wayar a zuba mata tambayoyin baya da bidiyon darasin Bayoloji da Kimistiri a memori, ka cire layi, ta zama kamar littafi. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne. Gaba ma ba JAMB kaɗai ba ce, WAEC ta fara gwada kwamfuta tun 2024 da masu zana ta waje. Yaran birni suna ta tafiya, namu na ƙauye sai yaushe?

Ɗan Maradun:
Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yanke hukunci a Abuja kamar kowa a Abuja yake. A ce komai ya koma intanet, NIN, rajista, duba sakamako, neman gurbi, alhali akwai garuruwan da turken sabis ya daɗe da mutuwa ba mai iya kai masa mai saboda hanya. Ku tuna Satumbar 2021. A sati guda aka rufe makarantun jihar bayan sace ɗaliban makarantar garin Kaya, aka kuma katse layukan waya a duk Zamfara. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ƙanena yana jiran gurbin karatu a lokacin, sai da ya shiga mota har Sakkwato don kawai ya buɗe shafinsa ya gani. Kuɗin motar rance muka ci. Sannan a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Talakan da ke neman na masara, da me zai sayi data? Idan gwamnati ta wajabta kwamfuta, to ta wajabta wa kanta kai wuta da kwamfutar kowace sakandare tukuna.

Tsohon Ma'aikaci, Tsafe:
Ɗan Maradun, na ji zafinka, mu ma mun sha wahalar. Sai dai a yi adalci, a lokacin da yawanmu mun goyi bayan katse layin, har da ni, domin da waya ake sanar da ɓarayin daji motsin kowa, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Mun ce ko watanni ne a jure in dai za a samu sauƙi. Ko an samu abin da aka nema, kowa ya ga yadda aka ƙare. Amma maganar komawa takarda da fensir ban bi ka ba. Zamanin takarda mun ga yadda ake sayen amsa, ɗan mai kuɗi ya haye, ɗan talaka mai ƙoƙari ya zauna. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba. A gyara makarantun, kada a fasa jarabawar.

Ɗan Maradun:
Baba ban ce a koma takarda ba. Cewa na yi kada a ɗora wa yarinyar da ke zana kibod da alli nauyin da gwamnati ta kasa ɗauka. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2023, an gyara gine-gine mun gani, to a sa sola a buɗe ɗakunan nan masu kwaɗo, a kawo malami.

Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Gusau:
Yaya, labarin ƙanwarka kamar nawa ne, shi ya sa na kasa wucewa. Ni ma daga ƙauye na fito. Karon farko da na zana JAMB, ranar ce ranar farko da na zauna gaban kwamfuta. Na kama linzamin da hannu biyu, kibiyar tana ta gudu ta ƙi tsayawa inda nake so. Na ji kunyar ɗaga hannu in tambaya, ina ganin kowa ya duƙufa. Tambayoyin Bayoloji na san amsarsu sarai, amma lokaci ya ƙare ban kai gare su ba. Na fito na zauna a bakin katanga na yi kuka har mai sayar da ruwa ta zo tana ba ni haƙuri.

Shekara ta biyu aka kawo ni gidan ƙanwar mahaifiyata a nan Gusau. Wata ɗaya ina zuwa wani shago bayan la'asar, mace ce ke koyarwa, mu shida duk mata. Sati na farko ban yi komai ba sai motsa linzami da danna haruffa. Na ci jarabawar, kuma har lokacin ba ni da babbar waya, sai da na shiga jami'a aka saya mani, domin a nan kam dole ce, a WhatsApp ake turo komai na aji.

Ka kawo ta Gusau in akwai gidan da Baba zai yarda. Ka nemi wurin da mata ke koya, zai fi kwantar masa da hankali, ita ma za ta fi sakin jiki ta yi tambaya. Kuma don Allah ka ce mata ranar jarabawa in wani abu ya tsaya ta ɗaga hannu nan take, aikin masu sa idon ke nan.

Malam Na Bakin Masallaci, Bunguɗu:
Ɗana, ka shiga ta ƙofar da ba ta buɗuwa. Ka je wa mahaifinka da maganar waya, shi kuwa waya ita ce abin tsoronsa. Ka koma masa da maganar ɗiyarsa da aikin asibiti. Shi ma ya binne ɗiya saboda rashin ma'aikaciyar jinya a kusa, bai manta ba. Kuma kada ka je kai kaɗai, ɗa ba ya kayar da uba a magana. Ka nemi wani ƙanensa ko amininsa da yake jin nauyi, ka fara fahimtar da shi, ku je tare bayan isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Ka bar shi ya gindaya sharuɗɗansa da bakinsa, wa zai kai ta, wa zai ɗauko ta, wane gida za ta kwana. Duk abin da ya ce ka ce to.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai, wasu har sau biyu. Maganar ɓoye na janye ta, Hajiya ta yi gaskiya.

Jiya na kira Kawu, ƙanen Baba, na karanta masa abin da Malamin Lissafi da 'yar'uwa ɗaliba suka rubuta. Ya ce ranar Juma'a in zo mu je tare. Muna da Goggo a Tudun Wada, ita za mu roƙa ta riƙe ta na wata guda idan an yi hutu. Kuɗin zan raba su: rajista da jarabawar gwaji, kuɗin koyo, sai ƙaramar waya da sabon layi. Babbar wayar ta jira. Mai gyaran waya, shawararka ta memori ma ba ta faɗi ƙasa ba, tawa wayar zan kawo a zuba darussan, ta riƙa kallo da dare a gaban Goggo.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure mani kai. Na duba takardunta, a katin NIN an rubuta sunanta da harafi ɗaya daban da yadda yake a rajistar makaranta. Malam, wannan zai kawo matsala? Wanne ake gyarawa?

Malamin Lissafi, Gusau:
Zai kawo, kuma gara da ka gani yanzu. JAMB daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, yadda yake a can haka zai fito. Idan ya saɓa da na WAEC ko NECO, a wurin tantancewa a makaranta za a tsayar da ita. Ka fara zuwa wurin shugaban makarantarsu ka ga yadda aka shigar da sunan, in ba a rufe rajistarsu ba a nan gyaran ya fi sauƙi. In kuwa na NIN ne ba daidai ba, gyaran NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, ka fara shi cikin satin nan, kuma kada a tura saƙon 55019 sai sunan ya daidaita. Ka duba ranar haihuwar ma, ka tafi da takardar haihuwarta.