Neman kalma: farin hasken da ke kewaye rana lokacin husufi

Zainabu_Rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe huɗu zan naɗi shiri kan cikakken husufin rana na 2 ga Agusta, 2027, wanda zai ratsa Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar da Saudiyya. Inda na maƙale shi ne farin hasken nan da ke bayyana a kewayen rana idan wata ya rufe ta ruf. Turawa na ce masa korona. In na furta haka a rediyo, rabin masu saurare za su ɗauka annoba ce ta dawo. A taimaka.

Tafinta: Kambin rana. Kalmar daga Latin take, ma'anarta kambi. Ƙwayar cutar ma can ta samo suna, saboda tsinkayen da suka kewaye ta.

Binta_Kimiyya: Ko zoben haske?

Tafinta: A'a, ki bar zobe inda yake. Akwai husufin zobe, wanda wata ke yin nisa har ya kasa rufe rana duka. In kika ba wannan zobe, da me za ki kira wancan?

Dattijo06: 'Ya'yana, duk wanda ya ce kambi a hoto ya ga abin. Ni na tsaya a ƙarƙashinsa ranar 29 ga Maris, 2006. Tun kafin rufewar, hasken da ke ratsa ganyen bishiya ya zuba a ƙasa kamar ɗaruruwan jinjirin wata. Sai sanyi ya sauko, tsuntsaye suka yi tsit. Da wata ya gama rufe ta, abin da ya fito zare-zare ne, fari fat, wani gefen dogo wani gajere, kamar gezar doki. Ina kambi a nan? Gezar rana, shi ne sunan.

Alaramma_Nahawu: Kafin a kai ga geza a gyara tushe. Na rana kusufi ne, husufi na wata ne. Haka Larabci ya raba su. 'Yan jarida ne suka cakuɗa mana.

Binta_Kimiyya: Allah gafarta malam, kalmar ta shigo Hausa ta zauna, kuma mutane husufin rana suke cewa. Ba mu ce littafi kitabu ba ai.

Alaramma_Nahawu: Yawan masu kuskure ba ya mai da shi daidai, ɗiyata.

Ɗan_Asali: Ku duka aro kuke yi. Kakanninmu cewa suke wata ya kama rana, ko zazzaɓin rana. Kullum sai mun durƙusa wa Larabci ko Turanci, kamar harshenmu maraya ne.

Tafinta: To fassara mana wannan da zazzaɓi: zafin wannan hasken ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana kanta wajen 5,500 ce. Zazzaɓin gezar mai zazzaɓi?

Ɗan_Asali: Raini ke nan. Shi ya sa ba ma ci gaba.

Dattijo06: Kun ji ma shi Tafinta da bakinsa ya ce geza.

Tafinta: Ba'a nake yi, Baba. Matsalar geza ita ce mai saurare zai hango doki ko zaki, kuma a gefe ɗaya take kwanciya. Wannan kuwa kewaye yake. Iskar gas ce mai tsananin zafi da ta lulluɓe rana, kullum tana nan, ƙarfin hasken rana ne ke ɓoye ta.

Dattijo06: Gezar zaki gefe ɗaya take? Je ka duba.

Zainabu_Rediyo: Iyayena, lokaci na tafiya. Ga abin da na rubuta: "A kusa da Luksor ta Masar duhun zai wuce minti 6. A wannan ɗan tsakanin kaɗai ake cire tabaran kallon husufi, a ga kambin rana, wato farin haske mai zare-zare kamar geza. Da zarar gefen rana ya leƙo a mayar da tabarau, kuma baƙin gilashin da aka saba sawa ba ya kare ido." Ya yi?

Binta_Kimiyya: Ya yi. Ki maimaita zancen tabarau sau biyu.

Alaramma_Nahawu: Kusufi.

Zainabu_Rediyo: Zan ambace shi sau ɗaya a farkon shiri, malam, daga nan in ci gaba da wanda kunne ya saba.

Dattijo06: An mai da gezata 'yar rakiya. Ba komai. Wanda Allah ya kai shi 2027 ya ɗaga kai ya duba, ya dawo nan ya gaya mini ko ya ga kambi.