Zauren masu gyaran kwamfuta na Maraɗi: wane linzami za a saya, kuma ina ake canza DPI?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ce daga wani shagon zane da buga takardu. An sa sabon allo mai ɗigo 1920 a faɗi, sai kibiyar linzamin kwamfuta da ke yawo a allo ta zama mai nauyi, hannu yana tafiya mai nisa kafin ta kai gefe. Akwai direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da Windows, da za a sa ya ƙara DPI? Ko linzamin za a canza?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Babu wannan direban, kada ka ɓata data wajen nema. DPI a cikin linzamin yake, shi ne yawan ƙidayar da idon da ke ƙasansa ke aikawa idan ya yi tafiyar inci ɗaya, wato santimita 2,54. Direban da Windows ke sa wa kowane linzamin USB karɓar ƙidayar kawai yake yi, bai san yadda zai umarci idon ya canza ba. Yi lissafi: mai DPI 800 a allon 1920, sai hannu ya yi kusan santimita 6 daga gefe zuwa gefe. Mai 1600 kuwa santimita 3 sun isa.

Lawali: To Malam, ma'aunin saurin kibiya da ke cikin Windows fa? Ai idan an ja shi dama kibiya tana gudu.

Malam Isuhu: Tana gudu, amma ninkawa ce kurum. Danna maɓallin Windows da R, rubuta main.cpl, ka shiga Options du pointeur. Gaɓa 11 ne a ma'aunin. Ta 6 ita ce daidai, ƙidaya ɗaya ɗigo ɗaya. Ta 8 tana ninka biyu, ma'ana kibiya tana tsallake ɗigo ɗaya cikin kowane biyu, ta 11 kuwa ninki uku da rabi ne. Mai rubutu a Word ba zai lura ba. Mai yanke hoto a Photoshop shi zai sha wahala, don akwai gurbin da kibiyar ba za ta taɓa tsayawa a kai ba. Ka bar shi a ta 6. A cikin Paramètres na Windows 11 ma'aunin daga 1 zuwa 20 yake, 10 ce daidai.

Hadiza: Ƙari a kan maganar Malam, a wannan shafin akwai akwatin Améliorer la précision du pointeur. Sunan yana ruɗi. Ba ya ƙara wa ido komai, sauri yake bi: ka ja a hankali kibiya ta yi rarrafe, ka fizga ta yi tsalle. Ga mai zane gara a cire alamar. Amma ga mai linzami mai ƙaramin DPI da babban allo da ba shi da halin sayen wani yanzu, a bar ta, tana rage wahala.

Mamman: Shawarata mai sauƙi ce. A sayi wanda ke da maɓallin DPI a bayan taya. Irin masu arhar nan na babbar kasuwa yawanci 800, 1200, 1600 suke zagayawa, kuma canjin a cikin linzamin yake faruwa, babu ruwansa da Windows 7 ko 10 ko Linux. Aibinsu biyu. Wasu suna komawa matakin farko duk lokacin da aka kashe na'ura. Sannan lambar da ke jikin kwali ba abin dogaro ba ce, wani a rubuta 3200 alhali ninkawa yake yi a ciki.

Hadiza: Ana iya kama shi da rula. Ma'auni a ta 6, a cire alamar can, a kai kibiya ƙarshen hagu, a ja har ƙarshen dama, a auna tafiyar. Raba yawan ɗigon faɗin allo, kamar 1920, da incin da aka samu, amsar ita ce ainihin DPI. Sai dai wannan zai nuna ƙaryar lamba ne kawai, ninkawar ciki sai a ja layi a hankali cikin Paint, za a ga yana hawa kamar matakala.

Malam Isuhu: Idan da hali, Logitech G102 ko G203, daga 200 zuwa 8000 suke. Ana saita su da G HUB, manhajar kamfanin Logitech, amma tana son Windows 10 zuwa sama kuma tana cin data wajen saukewa. Dabarar ita ce ma'ajiyar da ke cikin linzamin: a saita sau ɗaya, a adana a ciki, daga nan duk kwamfutar da aka soka shi zai tafi da saitinsa. Akwai ma ƙaramar manhajarsu, Onboard Memory Manager, ba a girka ta, daga kile ma tana tashi. Logitech M90 da M185 kuwa 1000 ne a kafe, ko wace manhaja aka sa ba za su motsa ba.

Mamman: Malam, G102 jabunsa ya yi yawa. A gwada a gaban mai shago. Idan G HUB ba ta gan shi ba, a ajiye. A Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera na'urorin da aka haɗa, lambar Logitech VID_046D ce, in aka ga wata daban magana ta ƙare. In ta yi daidai ma ba hujja ba ce, ana kwaikwayonta. Kuma ni ban ga amfanin 8000 a shagon zane ba, 1200 zuwa 1600 sun wadatar.

Sa'idu: Masu Ubuntu, wato wani nau'in Linux, manhajar Piper ce ke saita G102, Solaar kuma ga na Logitech marasa waya da ke karɓar canji, OpenRazer ga Razer. Macbook ma saurin kibiya kawai yake da shi, DPI sai manhajar kamfani.

Hadiza: Lawali, kafin a kashe kuɗi a duba teburin. In gilashi ne ko mai ƙyalli, jan idon nan ba ya gani sosai. Ga kuma ƙurar hunturu, a goge ramin idon da auduga busasshiya.

Lawali: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tebur ɗin gilashi ne kuwa. Za a shimfiɗa tabarmar linzami a auna da rula tukuna, gobe in kawo lambar.